Wanda ya ce a'a a taro: ya saɓa ne ko ya bijire?

"Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan Talata Mafara, masu noman rani da ruwan Bakolori. A taronmu na watan jiya an kawo shawarar mu ci bashi mu sayi injin casa. Mu 24 ne a wurin, 23 suka ɗaga hannu, sai wani dattijo sa'an mahaifina ya ce shi bai yarda ba, a fara yashe hanyar ruwa tukuna. Da na zo rubuta rahoton taro sai na sa cewa ya bijire wa shawarar ƙungiya. Ranar da na karanta a gaban jama'a ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce na mayar da shi ɗan tawaye, tun daga ranar ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ni kuwa wallahi ban yi nufin cin mutuncinsa ba. Malam, wace kalma ce ta dace da mutumin da ya ƙi bin ra'ayin mafi yawan jama'a? Kuma bijirewar da na rubuta kuskure ce?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da abin ya dame ka har ka yi tambaya, domin da wani ne sai ya ce tsohon ne mai saurin fushi, ya wuce abinsa. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: sunan abin da dattijon nan ya yi a taro, da kuma ko kalmar da ka sa ta yi masa adalci. Bari in fara da na biyun don ya fi sauƙi. Ba ta yi masa adalci ba, kuma yana da hujjar jin zafi. Abin da ya yi sunansa saɓani, jimlar da ta kamata ta shiga littafinku kuwa ita ce "ra'ayinsa ya saɓa da na mafi rinjaye". Sai dai kada ka ɗauki jimlar ka yi gaba tun yanzu. Ita kanta kalmar saɓa tana da wurin santsi, in ba ka san inda yake ba gobe za ka sake ɓata wa wani rai da ita.

Na daɗe ina koyar da Hausa, na kuma yi shekaru ina fassara labarai a wani gidan rediyo a nan Gusau. A cikin kalmomin da suka fi sa mu tsayawa mu yi shawara kafin a shiga ɗakin karanta labarai, wannan tana sahun gaba, don haka ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Asalin hoton da ke cikin saɓani

Ka ɗauka ka tashi daga Mafara za ka Gusau wajen ɗan'uwanka, shi kuma a safiyar nan ya taso zuwa wajenka ba tare da kun yi waya ba. Wataƙila a Maru motocinku suka wuce juna, wataƙila a Bungudu. Ka isa gidansa aka ce maka, "Ai kun yi saɓani, yanzun nan ya tafi wajenka." Wane ne mai laifi a cikinku? Babu. Hanya ɗaya kuka bi, buƙatarku ɗaya, fuskarku ce kawai ta bambanta. Wannan shi ne hoton da ke kwance a ƙarƙashin kalmar, kuma shi ya sa na fi son ta a kan duk 'yan uwanta. Tana faɗin cewa abu biyu ba su haɗu ba, ba ta ɗora wa kowa laifin rashin haɗuwar. Haka muke cewa labarin wane ya saɓa da na wane, ko mu ce an yi zaton ruwa zai sauka, saɓanin haka sai aka ga rana.

Wurin santsin yana cikin ƙananan kalmomin da ke biyo bayanta. Saurari waɗannan biyun: "ya saɓa wa mahaifinsa" da "ra'ayinsa ya saɓa da na mahaifinsa". Ta farko duk Bahaushen da ya ji ta zai ce yaron ya yi rashin biyayya, an umarce shi ya ƙi. Ta biyu kuwa tana iya faruwa tsakanin uba da ɗa mafi ladabi a gari, uban yana ganin a shuka gero, ɗan yana ganin dawa ta fi, suka tattauna, aka yi abin da uban ya ce. Wato idan ka ce "saɓa wa" ka kawo mutum mai iko ko umarni ko doka a gabanta, maganar ta karkata zuwa ƙin biyayya: saɓa wa iyaye, saɓa wa doka, saɓa wa Allah, wanda daga nan ne muka sami saɓo. Idan kuwa ka ce "saɓa da", ka jera ra'ayi da ra'ayi, to bambanci kawai ka nuna. Ana jin mutane suna cewa "ya saɓa wa ra'ayin jama'a", kuma ba laifi ba ne, tunda ra'ayi aka ambata. Amma a rubutun da za a karanta a gaban mai abin, ni nakan zaɓi "da", in kuma sa ra'ayin ya zama shi ne mai aikata saɓawar.

Wannan dangantaka da saɓo ita ta hana mu samun kalma guda tilo ta kiran mutumin. Bisa ƙa'idar da ta ba mu manomi daga noma, maɗinki daga ɗinki, da sai mu ce masaɓi. To amma masaɓi ya riga ya zama sunan mai saɓa wa Ubangiji, ba mai yarda a kira shi da shi a taron ƙungiya. Saboda haka sai mu kewaya: mai ra'ayi na dabam, wanda bai goyi baya ba, wanda ya ce yana da ja. Ban ɗauki wannan a matsayin naƙasa ga harshen ba, har ma ina ganin alheri ne, don yana tilasta mu faɗi abin da mutum ya yi a rana kaza, maimakon mu liƙa masa suna ya bi shi har gida.

Tunda a waya kuke yawan rubutu yanzu, ga wani abu da nake roƙon ka kula da shi. Lanƙwasar nan ta kan ɓ ba ado ba ce. "Ya saba da jama'a" yabo ne, mutum ya san mutane sun san shi. "Ya saɓa da jama'a" wata magana ce dabam. Sabo da saɓo ma haka. In wayarka ba ta da harafin, ka nemi allon rubutun Hausa ka sa mata, sakatare bai kamata ya rasa shi ba.

Abin da bijirewa take ɗauke da shi

Ba a bijire wa shawarar da ake kan tattaunawa. Ana bijire wa abin da ya riga ya hau kan mutum: umarnin uba, hukuncin alƙali, kiran hakimi. Kalmar tana nuna an juya baya, an ƙi, kuma akwai wanda yake da haƙƙin a bi shi. Yanzu duba lokacin da dattijon ya yi magana. Shugaba ya ce wa ya yarda, wa bai yarda ba. A wannan lokacin babu hukunci tukuna, tambaya ce aka yi, shi kuma ya amsa. Wanda aka tambaya ya ba da amsa bai bijire wa kowa ba, ya ma yi abin da aka tara ku dominsa. In da amsa ɗaya kawai ake karɓa, da ba a ce a ɗaga hannu ba.

Kuma da ya ce ka mayar da shi ɗan tawaye, kunnensa bai yaudare shi ba, domin bijirewa maƙwabciyar tawaye ce ta kusa. Tawaye shi ne fita daga ƙarƙashin mulki gaba ɗaya, sau da yawa da makami. Abin da Kanta ya yi ke nan a farkon ƙarni na 16, lokacin da ya raba gari da Askiya na Songhai a kan rabon ganima, ya tsaya da ƙafarsa, ya kafa daular Kabi da birninta Surame. Bore kuma tashin jama'a ne a kan abin da suke ganin zalunci, kuma ku mutanen Mafara ba sai an ba ku labari ba: a 1980 manoman da aikin madatsar Bakolori ya cinye wa gonaki suka tare hanyoyi a kan maganar diyya, aka turo 'yan sanda, aka rasa rayuka. Dattijon da ya kai sa'an mahaifinka a wannan yanki, ko ya ga abin da idonsa ko ya tashi cikin waɗanda suka gani. Ka ga kuwa kalmomin wannan gida ba su da sauƙi a kunnensa. Balle a Zamfarar yau, inda kowa ya san irin mutanen da ake kira da sunayen ƙin bin hukuma.

Akwai wasu da nake so ka nisanta daga littafin ƙungiya. Taurin kai, kangara, fanɗarewa, duk hali suke siffantawa, kuma hukunci ne a kan mutum. Gardama da musu suna nuna ana ja ne don a ja. Adawa kuwa, ko da yake bakinmu ya saba da ita a siyasa har mun daina jin nauyinta, daga Larabci ta zo kuma ma'anarta a can ƙiyayya ce. Shi ya sa wasu masu fassara suka fi son hamayya idan ana maganar jam'iyyu, ko da yake ita ma tana ɗauke da ƙanshin takara da kishi. Ni dai a ganina wannan aron ya yi mana illa. Tun zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, shekarar da Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru nan kusa da ku, kunnen mutanenmu ya saba jin cewa wanda bai bi ra'ayin manya ba ɗan adawa ne, ɗan adawa kuwa maƙiyi ne marar kunya. Mun gaji wannan ji, har ya bi mu cikin taron masallaci da na ƙungiyar manoma, inda babu kujerar da ake nema.

Biyu kuma suna da ban sha'awa. "Ya fita zakka" muna faɗa ga wanda ya bambanta da sauran 'yan uwansa, kuma kai manomi ka san hoton: ana awo, a ƙirga tara a ware na goma, in kuwa da wahalar ban-ruwa aka noma, ɗaya cikin ashirin. Sau da yawa yabo ce, amma ta fi dacewa da hali ko baiwa, ba ta zauna daidai a rahoton taro ba. Ita kuwa saniyar ware, ka lura ba mutum ne yake mayar da kansa ba, jama'a ce take mayar da shi. Ita nake ji muku tsoro. Kalma ɗaya a littafi, a karanta ta a gaban mutum 24, ta isa ta sa a fara zama nesa da tabarmarsa.

Yadda malamai suka riƙe abin

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, abin da na ɗauko a zaure ne kawai zan faɗa, amma a nan ne Hausa ta fi samun kalmomi masu tsabta a kan wannan batu. Malamai sun raba tsakanin ijma'i, wato abin da aka haɗu a kansa gaba ɗaya, da maganar jumhuru, wato mafi yawa. A cikin mazhaba kuma akwai mashhuri, akwai ƙaulin da ake kira shazzi, wanda ya ware shi kaɗai ba shi da mataimaki. Saɓa wa ijma'i babban abu ne. Saɓa da jumhuru kuwa abu ne da manyan malamai suka yi ta yi, aka rubuta a littattafai da sunayensu da hujjojinsu, ana karantawa har yau da girmamawa.

Ga misalin da ke hannunka sau biyar kullum. Tun muna yara aka koya mana cewa cuɗawa tana cikin farillan alwala da wanka. Wannan matsayin mazhabar Malikiyya ne. Sauran mazhabobin uku ba su ɗauke ta farilla ba. Wato mu da muke ganin kanmu mafi yawa a ƙasar nan, a kan wannan mas'ala ra'ayin marasa rinjaye muke bi, kuma babu mai hankalin da zai ce Imamu Malik ya bijire. Cewa ake yi ya saɓa da su, ko akwai saɓani a mas'alar.

A tarihin ƙasarmu ma akwai wanda nake yawan kawo wa ɗalibaina, Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ya ga da yawa daga cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da dukiya, abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya komo. An san kuma yana da fahimtar da ta bambanta da ta yayansa a kan wasu mas'aloli, ya rubuta tasa, Shehu ya rubuta tasa. Duk da haka bai ɗaga tuta a kan jama'ar ba, kuma da aka raba kula da ƙasa shi aka danƙa wa yamma. Ka kwatanta da abin da ya faru tsakanin Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Kware bayan rasuwar Shehu a 1817, wanda ya ƙare da yaƙi. Masu tarihi suna kiran na biyun tawaye. Na farkon ba wanda ya isa ya kira shi haka. Idan harshenka bai raba waɗannan biyun ba, to zai zalunci ɗaya daga cikinsu.

Abin da na gani a ɗakin labarai

Inda wannan kalma ta fi ba mu aiki shi ne hukuncin manyan kotuna. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 294, ya ce kowane alƙalin Kotun Ƙoli ko Kotun Ɗaukaka Ƙara da ya saurari shari'a zai bayyana ra'ayinsa a rubuce, hukuncin kotu kuma shi ne ra'ayin mafi yawansu. Ka ga ke nan doka da kanta ta tanadi wurin zaman wanda bai yarda ba. A ranar 12 ga Disamba 2008, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Muhammadu Buhari ya kai a kan zaɓen Umaru Musa 'Yar'aduwa, alƙalai huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ce a soke shi: George Oguntade da Aloma Mariam Mukhtar da Walter Onnoghen. Hukuncin huɗun ne ya tsaya. Amma biyu daga cikin ukun nan daga baya sun zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, Aloma Mukhtar a 2012, mace ta farko a kujerar, Onnoghen kuma bayanta da 'yan shekaru. Da abin da suka yi bijirewa ne, da ba a ba su shugabancin kotun da suka bijire wa ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Zamfara. A watan Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a jihar nan a kan rashin sahihin zaɓen fid da gwani, a watan Maris 2020 kuma ta ƙi buƙatar sake duba hukuncin, alƙalai huɗu a gefe guda, Mai shari'a Centus Nweze shi kaɗai a ɗaya gefen. Irin wannan labari in ya zo, garin a cike yake, kowace kalma ana auna ta. Ina tune da wani matashin abokin aikina, yaro mai ƙoƙari, ya miƙo mini takarda ya rubuta cewa alƙali ɗaya ya bijire wa 'yan uwansa. Na ja kujera na ce ya zauna. Na tambaye shi, "Alƙalin nan ya hana a aiwatar da hukuncin?" Ya ce a'a. "Ya tashi ya bar kotun?" Ya ce a'a. "To me ya yi?" Ya ce ya karanta nasa ra'ayin. Na ce to rubuta haka. Muka mayar da ita "alƙali ɗaya ya saɓa da sauran", a jimla ta gaba muka ce "a hukuncinsa na marasa rinjaye". Tambayoyin nan uku su nake ba ka kai ma, ka yi wa kanka su duk lokacin da alƙalaminka ya nufi kalma mai nauyi.

Kalmar rinjaye ma ta cancanci a tsaya a kanta kaɗan. Hoton sikeli ne, gefe ɗaya ya fi nauyi ya danne ɗaya. Nauyi take aunawa, ba ta ce komai a kan wanda ya fi gaskiya ba. Hannu 23 sun rinjayi hannu ɗaya, wannan lissafi ne kuma dole a yi aiki da shi, in ba haka ba ƙungiya ba za ta taɓa yanke komai ba. Amma ko injin casa ya fi yashe hanyar ruwa amfani, wannan sai kaka ta yi za ku sani.

Me ya sa hannunmu ke saurin kai wa ga kalma mai zafi

Ban ga laifinka kai kaɗai ba, tarbiyyarmu ce ta ba jama'a girma ƙwarai, kuma da dalili. Wanda ya yi gayya ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wurin da rayuwa ta dogara ga haɗa hannu, wanda ya ce a'a yakan yi kama da mai warware igiyar tsintsiya. Ga kuma kunya: yawancinmu in ba mu yarda ba shiru muke yi a taro, sai an watse mu yi ta magana a bakin hanya. Saboda ba mu saba jin a'a a fili ba, in ta fito sai ta yi mana ƙara fiye da yadda take.

Amma Hausar nan da ta yabi yawa ita ce kuma ta yi wa masu bi ido rufe suna, ta ce 'yan amshin shata, ta ce 'yan bi yarima a sha kiɗa, kuma ba wanda yake so a kira shi da ɗayansu. Ita ce ta ce ba a taru an zama ɗaya ba, ta ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Har hanyar yin saɓanin cikin ladabi ta shimfiɗa mana. Na sha zama a taron unguwa in ji dattijo ya gyara zama ya ce, "Allah shi ba ku haƙuri, wagga magana da kunka yanke, ni ina da ja." Wannan ƙaramar kalma, ja, tana da kyau ƙwarai. Daga gare ta jayayya da ja-in-ja suka fito, amma ita kaɗai ba ta da hayaniyarsu. Mai cewa yana da ja yana riƙe da igiyar ne tare da ku, bai sake ta ba. In ka rubuta "ya ce yana da ja a kan shawarar", ka yi daidai, kuma dattijo zai ji muryarsa a ciki.

Ina kuma so ka duba maganarsa da kanta. Mutumin da ya ce a fara yashe hanyar ruwa kafin a ci bashin inji, manomi ne da ya ga shekarar da ruwa bai kai ƙarshen layi ba, shinkafa ta bushe tana ɗauke da ciki. Yana iya yin kuskure a lissafinsa. Amma damuwarsa damuwar ƙungiya ce, kamar mai zuwa Gusau da mai zuwa Mafara da na faɗa maka, kowa ɗan'uwansa yake nema.

Yadda za ka gyara littafin

Ban halarci taronku ba, da bakinka kaɗai na ji labarin, don haka hukuncina ya tsaya ne a kan abin da ka faɗa. In da ya tashi ya yi zagi, ko ya ce ba zai biya kasonsa ba ko an yanke, da maganar ta canza. Kuma gyaran kalma ba lalle ya wanke zuciya nan take ba, wannan aikin ƙafa ne da haƙuri.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka yage shafin, littafin ƙungiya amana ne. Ka ja layi ɗaya a kan jimlar yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta a gefe: "Mutum 23 sun amince a ci bashi a sayi injin casa. Mutum ɗaya bai amince ba, ra'ayinsa shi ne a fara yashe hanyar ruwa. An zartar da ra'ayin mafi rinjaye." Ka sa kwanan wata, kai da shugaba ku sa hannu. Ka lura na sa dalilinsa a ciki. Wannan haƙƙinsa ne, kuma amfanin ƙungiya ne, domin in baɗi ruwa ya yi gardama za ku buɗe littafi ku ga an taɓa faɗa, in kuwa injin ya biya bashinsa ba wanda ya yi asara da rubuta shi. Haka za ka riƙa yi wa wanda ya ƙi ɗaga hannu ko ta wane gefe: ka rubuta bai bayyana ra'ayi ba, kada ka ƙirga shi cikin masu amincewa don kawai ya yi shiru.

Kafin taro na gaba, ka sami wani babba da yake jin nauyinsa ya raka ka gidansa bayan la'asar. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, kalmar da na sa ba ita ce ta dace ba, na gyara, ga yadda na mayar da ita," ka karanta masa. Kada ka tsaya bayanin cewa ba ka yi nufi ba, zai gane da kansa. Tunda kuma a gaban jama'a aka karanta ta farkon, a gaban jama'a za ka karanta gyaran, tun a farkon taro kafin a shiga sabuwar magana.

Idan daga baya aka zo karɓar kason kowa na biyan bashin ya ce shi ba zai bayar ba, a nan ne za a iya fara maganar ƙin bin abin da ƙungiya ta zartar, kuma dokar ƙungiyarku ce za ta yi aiki. Ko a ranar ma, abin da za ka rubuta shi ne bai biya kasonsa ba, da adadin kuɗin, da kwanan wata.